Gurbi Na Uku

"Manhajar tacewar nan taki ba ta iya ƙirga ba," in ji shugaban sashensu, yana nuna wa ma'aikaciyarsa allon kwamfutarta. "Suna biyu kika rubuta, ta ce uku."

Aikin manhajar a shafin wiki, wato kundin bayanai na intanet, shi ne raba rubutu duk inda ta ga waƙafi. Sunayen 'ya'yanta ta sa don gwaji, sai hannunta ya ƙara waƙafi a ƙarshe. Manhajar ta ƙirga har da gurbin da ya biyo baya, wanda babu komai cikinsa.

"Ki sa ta riƙa watsar da fanko."

"To, Yallaɓai. Gobe."

Shekara shida ke nan da ta dawo daga ɗakin haihuwa da kayan jariri a ninke, babu jaririn. Ko babansu, "biyu" yake cewa.

Ta sake danna maɓallin gwajin. Uku.