Kujera Ta Shida

Hasken la'asar ya ratso tsohon labulen da Auta ta sake ɗinkewa, ya kwanta a bangon falon da ke ƙanshin sabon fenti. Mama ta ce bana ba za a sayi sabon komai ba, na da za a gyara. Shi ya sa kafinta ya yi sati yana fama da teburin cin abinci da kujerunsa.

Auta ta shafa teburin, ta ga fuskarta a cikinsa kamar a ruwa. Sai ta ƙirga kujerun. Ta sake ƙirgawa. Shida ne.

"Malam, biyar muka ba ka. Mu biyar ne a gidan nan."

Kafintan ya sunkuyar da kai yana goge hannu da tsumma, alhali ba komai a hannun.

"Katako ne ya rage. Na ga bai kamata a yar ba."

"To wa zai zauna a kanta?"

Ya ɗago ido. Ƙurar katako na yawo a hankali cikin hasken da ke tsakaninsu.

"Abin da na zo tambayarki ke nan. In kin ce a'a, in ɗauke abata tun Mama ba ta gani ba."

Ya miƙa hannu zai ɗauka. Ta riga shi kamawa.

"Ka iya aiki, amma ba ka iya jeri ba," ta ce ƙasa-ƙasa.

Ta jawo kujerar daga ƙarshen teburin, ta ajiye ta daf da tata.