Mutumin da Ya Cike Kududdufi

Zauna tukuna, Sallau. Ka ce banki sun yarda su ba ka rance a kan jinginar gidan gado ka gina gidajen haya, sa hannuna kaɗai ya rage tunda ni ne ƙanen mahaifinka. To, ajiye biron nan ka saurara.

An yi wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, yana da rufin asirinsa daidai gwargwado, har ran da ya ga sa'o'insa sun fara karɓar kuɗin haya suna zaune a inuwa. Sai idonsa ya faɗa kan kududdufin bayan unguwa, inda ruwan damina ke taruwa tun zamanin kakanni. Ya saye shi da araha. Da ya je banki suka nemi jingina, shi kuwa ba shi da ko kango, sai ya ɗauko takardun gidan gadonsu, gidan da tsohuwarsa ke ciki da marayun wansa. Ya ce mata sabunta takardu za a yi, ta dangwala yatsa tana sa masa albarka. Ka ji fa! Uwar da ta haife shi! Su ma na bankin sun zo sun ga kududdufin da idonsu, har da kwaɗi suna kuka a ciki, amma suka ba shi rancen, don ba ramin suke kallo ba, gidan tsohuwa suke kallo. Aka yi ta juye shara da ɓaraguzai har ramin ya cika, aka ɗora bene a kai, aka shafe shi da fenti kamar amarya. Tun siminti bai gama shan iska ba ya karɓi kuɗin haya a hannun ƙananan ma'aikata da sababbin angwaye, ya kai wa banki kuɗin ruwa.

Damina ta sauka. Ruwa ya biyo tsohuwar hanyarsa ya tarar an toshe, sai ya juya cikin gidajen talakawa. Katangun ƙasa suka zube, rumbuna suka jiƙe, wata mai ƙosai ta wayi gari akuyoyinta na yawo a kan ruwa, ciki a kumbure. Maƙwabta suka taru suka same shi, ya dube su ya ce, "Ruwa ai na Allah ne, ni me nawa a ciki?" Ko jaje bai yi musu ba. Kafin kaka benen nasa ya fara nutsewa ta gefe guda, bango ya tsage har hannu na shiga, ƙofofi suka ƙi rufuwa. 'Yan haya suka kwashe kayansu suna neman kuɗinsu. Banki kuwa bai san damina ba, bai san rani ba, ƙarshen wata kawai ya sani. Ba su ko kalli benen ba, suka sa gidan gado a kasuwa. Tsohuwar nan, wadda aka kawo ta gidan tana budurwa, ta fito da tabarmar sallarta a hammata, marayu na biye da ita ɗauke da kwanuka. Ba ta zage shi ba, ba ta ko dube shi ba. A gidan mijin 'yarta ta ƙare kwanakinta, tana cin tuwon suruki kanta a sunkuye. Shi kuma har yau in ya yi sallama a majalisa, sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Ban hana ka gini ba, Sallau. Gina abin da aljihunka zai ɗauka, a ƙasar da za ta ɗauke shi. Amma ɗakin uwarka ba jari ba ne, kuma hannun nan nawa ba zai hau takardar ba. Hausawa sun riga sun gama magana: in da kwaɗayi, da wulaƙanci.