Inda Marit Holm Ya Nutse

Wasiƙa ta goma sha ɗaya daga hukumomin jiragen ruwa ta zo da amsa irin ta sauran: ba su da labarin nutsewar wani jirgin ruwa mai suna Marit Holm. Iliyasu ya ninke ta, ya cusa a aljihu, ya hau tankar man da yake tuƙawa. Ranar sau biyu yana ɓata hanyar unguwar Sedgefield, hanyar da ya shekara shida yana bi.

Marit Holm ƙaramin jirgin dakon mai ne, kuma a cikinsa yayansa Maikano ya yi aikin kula da famfo. A 1969 wani ma'aikacin kamfanin ya zo gidansu a Lakwaja, ya tsaya a zaure, ya ce jirgin ya kama wuta, ya nutse da Maikano. Bai faɗi wurin ba. Ko zama bai yi ba.

Yanzu 1996 ake ciki, Inna ta haura tamanin. Duk ƙarshen wata ana riƙo ta zuwa gidan maƙwabci mai tarho, tambayarta kuma ba ta canzawa.

"Iliya, ka gano wurin? Ko sunan ruwan ne a faɗa mini, in san inda ɗana yake kwance."

"Ana kan nema, Inna."

Kowane wata muryarta sai ƙara yin ƙasa take.

Ba yau ya fara neman ba. Shekara biyar bayan rasuwar ya tafi Legas, ya bi jiragen tashar Apapa ɗaya bayan ɗaya yana neman aiki. Duk suka kore shi, sai wani tsohon jirgi mai suna Ebiere. Babban injiniyansa ya tambaye shi garinsu da sunan mahaifinsa, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce ya hau.

Shekara tara ya yi a Ebiere, suna ɗaukar kananzir daga Fatakwal zuwa Kalaba da Kwatano. Har yau in ya fara labarinsa sai an tsayar da shi. Jirgin duk tsatsa ne, amma ɗakin famfonsa ƙarfe ne sabo fes, Iliyasu kuma ya riƙe shi kamar ɗakin kwanansa. Can yake cin abinci, can yake salla. Kuku ne kawai ya ƙi sauka, sai ya ajiye masa kwano a bakin matakala ya juya.

Duk tashar da suka tsaya sai ya tambayi labarin Marit Holm. Kowa ya ce ya tambayi na gaba. In ya kawo zancen a gaban injiniya, sai tsohon ya ce, "Je ka duba famfonka."

Ga shi yanzu a Greensboro ta ƙasar Amurka, garin da sai ka yi tafiyar awa uku kafin ka ga teku. Ranakun hutunsa a laburaren cikin gari suke ƙarewa, gaban Madam Angelina, wata ma'aikaciya 'yar Kafanchan da ta ji Hausa a bakinsa ta ɗauki nemansa kamar nata. Ita take aro masa littattafan rajistar jirage daga garuruwan bakin teku. Kowanne sai ya yi sati uku kafin ya iso, wani lokacin a turo na shekarar da ba a nema ba.

Sunan yana cikin rajistar 1969. Babu shi a ta 1970. Amma a jerin jiragen da suka nutse ma babu shi, ko a wace shekara.

Ranar da ya ga haka ya buga littafin a tebur har masu karatu suka ɗago kai.

"Jirgi guda, Madam! Ba allura ba ce!"

"Yi haƙuri, Malam Iliyasu. Mu bar sunan. Ga lambar da maƙeransa suka ba shi a Norway, mu rubuta musu."

Wata huɗu shiru. A cikinsu aka daina kawo Inna wurin tarho, sai dai maƙwabci ya isar da saƙo.

Wata Talata da rana Angelina ta kira wurin aikinsa. Ya zo da kayan aiki a jikinsa, yana warin mai. Wasiƙar daga wani tsohon akawun masana'antar da ta ƙera jirgin take, da rubutun hannu ƙanana. Ita ta karanta tana fassarawa.

"An ƙera shi 1951. An sayar da shi Legas 1963. Wuta ta tashi a ɗakin famfo a 1969, kusa da tsibirin Bonny, mutum ɗaya ya rasu a ciki."

"Bonny," in ji Iliyasu a hankali. "Can ya nutse ke nan."

"Bai nutse ba, Malam. An janyo shi Apapa, aka gyara, aka canza masa suna. Sai 1985 aka yanka shi aka sayar da ƙarfen."

"Wane suna?"

Ta kusanto da takardar ga idonta. "Ban san yadda ake faɗarsa ba."

Ta juyo masa da ita, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar. Iliyasu ya laluba tabaraunsa, ya sunkuya, ya karanta: Ebiere.