Hannun da Ya Ɗora

"Ku ajiye kararen ɗorin nan," in ji tsohon maɗorin, yana kwance a gindin rumbun da ya faɗo daga kai. 'Ya'yansa suka yi cirko-cirko, riƙe da man shanu da tsumma.

Ya sake shafa cinyarsa. Ƙashin ya karye dab da gwiwar ƙarfen da aka sa masa bara waccan. Yatsunsa sun san ƙashin mutum, sun san na jaki, amma ba su san yadda ƙashi ke kama ƙarfe ba.

"Baba, me gari zai ce? Maɗori ya kai karaya asibiti?" in ji babban ɗansa.

"Gari ne zai taka ƙafar, ko ni? Ku nemo mota."

A Kano wani matashin likita ya jera ƙashin, ya ɗaure shi da ƙarfe da kusoshi. Damina ta wuce tsoho yana dogara sanda. Da kaka ya koma asibitin, ya tako har gaban likitan, sandar a kafaɗa kamar ta makiyayi.

"Ɗana, Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Likita ya naɗe hannun riga. "Shafa shi, Baba."

Ya shafa. Yatsunsa suka tsaya a kan wani ɗan tudu, tsohon ɗori.

"Daga mangwaro na faɗo a garinku Minjibir, ina yaro. Kowa ya ce hannun ba zai moru ba, ban da kai."

Tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Allahu Akbar! Ashe ɗorina ne ya ɗora ni."