Yatsa a Kan Sikeli

Tun da aka kafa dokar awo ɗaya, injin hukuma kaɗai ke da ikon auna kaya a garin, kuma duk wanda aka kama da wani ma'auni, babban yatsansa ne tararsa. Baffa Jatau ya riga ya biya da na hagu, amma bai daina gyaran tsofaffin sikelin gidan waya ba, masu faranti biyu da duwatsun tagulla.

Da hantsi maƙwabciyarsa Kubura ta shigo da ƙullin garin madarar jaririnta.

"Baffa, injin ya ce rabonsa na yau ya cika, amma yaron nan sai ramewa yake yi. Don Allah auna mini."

Ya goge faranti da gefen rigarsa, ya ɗora ƙullin. Bai kai ga ɗaukar dutse ba 'yan awo, dakarun da ke tsare dokar, suka banko ƙofa. Ɗaya ya fasa masa baki da gindin bindiga, wani ya danne hannunsa na dama a kan benci. Sai da suka maimaita saran babban yatsan kafin ƙashin ya rabu.

Shugabansu ya ɗauki yatsan, ya jefa a ɗaya farantin yana dariya. "To tsoho, auna wannan ma."

Jini na kwarara har gwiwar hannunsa, amma Baffa sikelin ya zuba wa ido. A hankali yatsan ya yi ƙasa, abincin yaron na yini guda ya tashi sama.

"Kubura," ya ce da ƙyar, "kin gani ko?"