Jar Fitila a Ƙofar Makaranta

"Allah ya sa ta daɗe a ja." Haka na ji hedimasta ya ce, yana kallon fitilar da ke saman ƙofar makaranta. Abincin tara na kai wa ƙanwata Rakiya, amma maganar ta tsaya min a rai.

Tun da aka kawo sabuwar doka, ba a ɗaukar malami sai fitilar ta yi ja, wato sai kasuwa ta mutu. Wai lokacin ne masu ƙwaƙwalwa ke rasa aiki su zo koyarwa. Shekarun da take koriya, ajin su Rakiya ba malami sai hayaniya. Yayata Asabe ta gama kwalejin malamai, ta yi ta zarya ana ce mata ta jira. Da fitilar ta yi ja, shagon Baba ya rufe, aka ɗauki injiniyoyi aka bar ta. Mu muna kwana da yunwa, shi hedimasta yana addu'a!

Na leƙa ajin. Malam Sagir, wanda a da yake gina gadoji, yana koya musu lissafi, kuma wallahi ya iya. Har Rakiya ɗaga hannu take. Sai dai ya ja teburinsa jikin taga, inda ake hango fitilar.

Ya fito karɓar kwanon abincin. "Ƙanwata, lafiya kike kallona haka?"

Ni da ba na iya haɗa ido da mutum, ban sunkuyar da kai ba.

"Malam, ranar da ta koma koriya, za ka shigo ajin nan?"