Folda Cikin Folda

Kuna wurin ranar da baƙin allon kwamfutar ya rubuta "an kwashe". Kuka yi hamdala, ba wanda ya leƙa cikin kwafin.

Yau maƙwabciyarku ta ƙara layi uku kacal a shirin kwafin da ta rubuta, don ya riƙa shiga kowace folda har ƙasa. Da can a bakin ƙofa yake tsayawa. Ita kuwa karatun malaman Zongo da ta naɗa, ta jera shi yadda suke jera kansu: kowane ɗalibi cikin foldar malaminsa. Muryar kakarta tana can ciki, a folda ta huɗu.

"Ai shi ya ce ya kwashe, ɗiyata," in ji kawunta, wanda ya kai tsohuwar kwamfutar can kasuwar Adum aka goge ta. "Inji na ƙarya ne?"

Ta saki shirin a kan kwafin da ya rage. Ya shiga foldojin manyan malamai, ya fito hannu wayam. Ko sunan kakar bai tsallako ba, ga shi jiya aka yi arba'in ɗinta.

Ku kam, tsohuwar gidanku tana da rai. Ku naɗi muryarta yau, ku buɗe ku ji da kunnenku.